Gardanci: Tarihin Wasa da Kura da Biri da Maciji

Gardanci sana'a ce ta kama namun daji masu haɗari, musamman kura da gwaggon biri da macizai, a horar da su, a riƙa yawo da su kasuwa-kasuwa ana wasa a gaban jama'a, ana kuma tallar magani. Mai yin ta shi ne gardi, kuma dabam yake da gardin makarantar allo, ko da yake suna ɗaya suke amsawa. Sana'ar gado ce. Uba ke koya wa ɗa, tun yana ƙarami ake ba shi laƙani a sha, a saba masa da warin dabba, har ya kai munzalin riƙe sarƙa da kansa. Cibiyarta ƙasar Hausa ce, amma gardi ba ya zama wuri ɗaya, domin garin da ya ga wasa sau biyu ba ya sake yin liƙi da hannu sake.

Siffar wasan

Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Kiɗa ke fara tara mutane. Sai gardi ya fito da warki ko bante mai tuntaye, ƙugu da damatsa cike da guru da kambu da layu, ƙararrawa a idon sawu, kulki a hannun dama, sarƙa a hagu. A ƙarshen sarƙar kura ce, bakinta cikin takunkumin igiya saƙaƙƙe. Yana kirari yana juyi da ita, ya kayar da ita, ya hau ruwan cikinta, wani lokaci ya zare takunkumin na ɗan lokaci don a ga haƙora a watse a dawo. Gwaggon biri, wanda akan sa wa riga, shi ne mai ban dariya da bin 'yan kallo yana miƙa hannu. Mesa kuwa a wuya ake rataya ta, gamsheƙa a fito da ita daga akwati ta fasa kai.

Duk wannan share fage ne. Idan taro ya cika, sai a shimfiɗa buhu a baje ƙulle-ƙulle: maganin sara, maganin tsoro, na firgitar yara, na tsari daga mayu da ɓarayi. Iyaye kan biya a ɗora yaro a gadon bayan kura don a cire masa fargaba. Dabbar ita ce shaidar maganin, wato wanda ya iya kwana da kura ba a musa masa zancen asiri. Nan ne ainihin cinikin yake.

Hanyar kudu

Cikin wuraren da gardawa ke yawo akwai Kudancin Kaduna, tsohuwar hanyar fatake. Zangon Kataf zango ne na ayarin Hausawa, Kauru da Jama'ar Daroro kuma garuruwa ne da suka daɗe suna ƙarƙashin Zazzau a tsakiyar al'ummun duwatsu masu harsunansu da al'adunsu. Duk inda fatake suka bi, makaɗa da 'yan tauri da masu magani suna biye. Da layin dogo daga Fatakwal ya iso yankin a tsakiyar shekarun 1920, aka kuma ja reshe zuwa Jos a 1927, sai Kafanchan ta zama mahaɗa, ta tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina cikin Najeriya. Irin wannan gari, da kasuwannin mako irin na Saminaka da Kachia da Zonkwa bayan an cire amfanin gona, shi ne dandalin da gardi ke nema: baƙi da yawa, kuɗi a aljihu.

Mutanen yankin ba baƙin namun daji ba ne. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu yana da tushe a buɗe lokacin farauta, kuma abu na farko da masu haƙar kuza suka tono a Nok a 1928 ɗan kan biri ne na yumɓu, aikin hannun mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sai dai maharbi kashewa yake yi a ci, gardi kuwa rayayya yake so, kuma abin da ke tara masa jama'a ke nan.

A Jama'ar Daroro ne wani jami'in mulkin mallaka, Tremearne, ya tattara tatsuniyoyin Hausa a 1908 da 1909, waɗanda suka fito cikin littafinsa na 1913. Kurar da ke cikinsu ita ce wadda kowane yaro ya sani: ga ƙarfi, ga kwaɗayi, ga tsoro, kullum Gizo na yi mata wayo. Gardi yana cin moriyar wannan suna ta fuska biyu. Ana tsoron dabbar har a taru, ana kuma raina ta har ba mai jin tausayinta idan kulki ya sauka.

Sanda ko nama

Yadda ake horar da dabbar daji tambaya ce da Turai da Amurka ma suka yi ta fama da ita, kuma a can an rubuta sunayen masu sana'ar. Wasan dawaki da tsalle-tsalle cikin da'ira, wanda daga baya ya koma babban tanti mai yawo gari-gari, Philip Astley ne ya kafa shi a Landan a 1768. Wanda ya shigar da manyan namun daji cikinsa har ya yi suna shi ne Ba'amurke Isaac Van Amburgh. Ya fara shiga kejin zakuna a gaban jama'a a New York a 1833, ana kuma danganta masa fara cusa kai cikin bakin zaki. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta je kallonsa sau da dama a farkon 1839, har ta sa mai zane Landseer ya zana shi kwance cikin dabbobinsa. Hanyarsa duka ce da sandar ƙarfe da horon yunwa, da aka soke shi kuma sai ya kafa hujja da Littafin Farawa, cewa an ba ɗan Adam iko a kan dabbobi. Ya mutu a 1865, a kan gadonsa.

Bajamushe Carl Hagenbeck, wanda ya rayu daga 1844 zuwa 1913, ya bi wata hanyar. Dillalin namun daji ne a Hambug, yawancin kayansa daga Sudan suke zuwa kafin yaƙin Mahadi ya toshe hanyar. Daga 1887 ya yaɗa horo da lallashi: a zaɓi dabbar da halinta ya dace, a saka mata da nama idan ta yi daidai. A 1907 ya buɗe gidan namun daji da ramuka suka maye gurbin sandunan ƙarfe, tsarin da duniya ta kwaikwaya. Kada dai a yi saurin yabonsa, domin shi ne kuma ya riƙa baje kolin mutane, har da Nubawan Sudan a 1876, Turawa na biya suna kallo.

Gardawa sukan ce asiri ne ke riƙe musu kura. Mai lura zai ga hanyoyin nan biyu a haɗe: hannun da ke ciyar da ita kullum shi ne ke riƙe da kulki. Kuma takunkumi da sarƙa ba sa barin jikinta, wanda ya nuna cewa danne ta aka yi, ba sabo ba ne irin na kare. A Harar ta ƙasar Habasha ana ciyar da kuraye da hannu kowane dare a bakin ganuwa ba tare da ɗauri ba, su ci su koma daji. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a karin maganarsa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Fitowa duniya da halin yanzu

Wani hoto da aka ɗauka da waya a titin Legas ne ya kai labarin gardawa waje, jaridu suka yi ta cewa 'yan fashi ne ko masu karɓo bashi da ƙarfi. Mai ɗaukar hoto Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya nemo su a wajen Abuja a 2005 da taimakon ɗan jarida Adetokunbo Abiola, ya tarar da dangi ne masu wasa da tallar magani. Ya koma a 2007, shekarar da littafin hotunan ya fito. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci lambar World Press Photo a 2006, kuraye biyu kuma, Mainasara da Jamis, suka shiga gidajen baje kolin Turai da sunayensu.

A can ƙetare sana'ar tana mutuwa. Boliviya ta hana wasa da dabbobi a 2009, Ingila ta hana na namun daji daga Janairun 2020, kamfanin Ringling na Amurka ya sallami giwayensa a 2016, ya rufe a 2017, ya dawo a 2023 babu dabba ko ɗaya. A Najeriya akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, amma abin da ya fi rage gardawa shi ne dajin kansa: noma ya cinye shi, rashin tsaro ya rufe sauran, kura ta yi wuyar samu. Malamai ma sun daɗe suna sukar layun da azabtar da dabba.

Ɓarnar da ta fi girma tana wajen ƙullin maganin sara. Kububuwa ce ta fi sarar manoma a Arewacin Najeriya, dafinta yana hana jini daskarewa, kuma kwanakin da ake ɓatawa ana jiran ƙulli ya yi aiki su ne ke kashe mutum. Makarin dafin allura ce da ake yi a asibiti, irin wadda ake samu a Kaltungo ta Jihar Gombe da Zamko ta Jihar Filato. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan take, ko da akwai layar gardi a ƙugunsa.