Fara shan maganin HIV da wuri: bayani ga 'yan Nguru da Gashua mazauna kudu

Ni ɗan Nguru ne, mahaifina fatauci yake na shanu zuwa Legas da Ibadan. Ba likita ba ne ni, amma na tattaro wannan bayani domin 'yan uwanmu da ke Agege, Mile 12, Sabon Ibadan da Shagamu, musamman masu zirga-zirga tsakanin gida da kurmi.

Yaushe ake fara magani?

A da, sai an auna ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, in sun yi ƙasa sosai sannan a ba mutum magani. Wannan ya wuce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar cutar a sa shi kan magani, Najeriya ta karɓi tsarin a 2016. A 2017 hukumar ta ƙara da cewa a fara cikin kwana 7, in ma mutum ya shirya a fara a ranar da aka tabbatar. Dalili kuwa, ƙwayar tana cin garkuwar jiki ko da mutum yana jin garau, kuma wanda aka ce ya je ya dawo sau da yawa ba ya dawowa, balle ɗan tirela da zai kwana a Ogbomosho gobe.

Wane magani ake bayarwa?

Yawancin manya ana ba su TLD, ƙwaya ɗaya a rana, wadda ta haɗa magunguna uku: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Maganin kansa kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashensa. Ba ya warkar da cutar, danne ta yake yi. Bayan wata 6 ana auna yawan ƙwayar a jini, sai a wata 12, daga nan shekara-shekara. Wanda ƙwayar ta dannu har awo bai ganinta, ba ya sa wa matarsa ta hanyar aure.

Inda ake sauya wa mutum tsari

Nan ne abin ya fi shafar mu. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashua da Nguru da garuruwan bakin kogin Yobe. Shi kuwa tenofovir ta ƙoda yake fita, kuma yana iya wahalar da wadda ta riga ta raunana. Don haka ka gaya wa likita daga inda ka fito, da ko akwai mai ciwon ƙoda a gidanku, ka nemi a gwada maka ƙoda. In ta yi rauni, ana iya maye gurbinsa da abacavir. Likitan Legas ba lallai ya san labarin Bade ba sai ka faɗa masa.

Mai ciwon hanta nau'in B kuma, tenofovir yana danne ita ma wannan cutar. In ya daina sha kwatsam, hantar na iya tashi da ƙarfi.

Mai tarin fuka ana fara masa maganin tarin, sannan na HIV cikin mako 2. Tun da rifampicin yana rage ƙarfin dolutegravir, ana ƙara masa wata ƙwayar dolutegravir bayan awa 12.

Mai matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya ko ruɗewa, a nan ba a gaggawa. Ana fara duba ko cuta ta taɓa ƙwaƙwalwa, in haka ne a jinkirta maganin HIV da wasu makonni.

Mai ciwon suga da ke shan metformin, da mai shan maganin ƙarin jini ko ruwan maganin gyambon ciki, su faɗa, don a daidaita musu yawa ko lokacin sha. Mai juna biyu ana fara mata nan take, shi ne kariyar jinjirin.

Ga matafiya

Wanda ya yi rajista a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko a asibitin Gashua, zai zauna kudu, ya karɓi takardar canjin asibiti. Kada ya je ya sake gwaji kamar sabo, tarihin maganinsa zai ɓata. Wanda jikinsa ya daidaita ana iya ba shi na wata 3 har zuwa 6 a lokaci guda, ya isa zuwa kara a dawo. Maganin ya zauna a jikinka, kada ka bar shi cikin kayan da za su bi wata mota. Kada a ari na aboki, domin nasa tsarin na iya bambanta. Da azumi kuma ba sai an ajiye ba, a tambayi likita a mayar da sha zuwa dare.

Mai tsoron tonon asiri ya sani, dokar 2014 ta hana nuna wa mai HIV wariya a wurin aiki ko asibiti, kuma ba dole ne ka karɓi magani a unguwarku ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya, da yawansu suna sana'arsu lafiya lau. A je a yi gwaji, in an samu a fara. Allah Ya ba mu lafiya.