Sukur: Ƙauyen Kan Dutse da Ya Shiga Jerin Wuraren Tarihi na Duniya

Sukur ƙauye ne da ke kan tsaunukan Mandara, a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Najeriya da Kamaru. A shekarar 1999, a taron da aka gudanar a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ya zama wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi. Kurmin Osun-Osogbo ne ya biyo bayansa a 2005. An karrama Sukur ne a matsayin wurin da har yanzu jama'a ke zaune suna noma da kiwo bisa tsarin kakanninsu, saboda haka darajarsa ta rataya ne a kan ci gaba da zamansu a can.

Wuri da jama'a

Garin ya kasu biyu: Sukur Sama, wanda ke kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,000, da Sukur Ƙasa, wanda ke gindin dutse. Yankin da aka keɓe a matsayin wurin tarihi ya kai kimanin hekta 764. Hanyoyi ne da aka shimfiɗe da falalen duwatsu ke haɗa sama da ƙasa, kuma da ƙafa ake hawansu. Jama'ar suna magana da harshen Sakun, ɗaya daga cikin harsunan dangin Cadi, wato dangin da Hausa ta fito, kuma da yawansu suna jin Hausa da Fulatanci saboda cuɗanyar kasuwa.

Sarkin garin ana kiransa Hidi. Fadarsa, wadda ke kallon sauran gidaje daga sama, an gina ta ne da duwatsun da aka jera ba laka ba siminti, da ƙofofi da rumbuna da turken shanu a cikinta. Hidi shi ne shugaban siyasa da na al'ada, yana da masu sarauta da ke taimaka masa, kuma bikin Yawal da ake yi da rani na girmama sarautarsa ne.

Arzikin ƙarfe

Abin da ya ɗaukaka Sukur a da shi ne ƙarfe. Mazauna garin kan tattara tama daga yashin rafuka, su narka ta da gawayi da zugazugi, su fitar da sandunan ƙarfe da ake ƙera fartanya da gatari da makamai. Fatake daga filayen da ke kewaye, har zuwa ƙasar Borno, sukan zo sayen wannan ƙarfe. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ambaci garin da ƙarfin sarkinsa a labarin tafiyarsa zuwa Yola a 1851.

Farkon ƙarni na 20 ya zo wa garin da wahala. Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, ya riƙa kai farmaki kan al'ummomin duwatsu, ciki har da Sukur, yana kwasar bayi da dabbobi, kamar yadda yake rubuce a littafinsa na yau da kullum da ya fara a 1912. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. Yankin ya kasance ƙarƙashin Jamus, daga baya Ingila, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da shi cikin Najeriya. A wajajen wannan lokaci ne sana'ar narka tama ta mutu, domin ƙarfen da ake shigowa da shi daga waje ya fi araha. Ragowar matoyan ƙarfen suna nan har yau.

Gona, rumbu da sa

Dukiyar mutumin Sukur ta yau gona ce da rumbu da dabba. Da yake ƙasar gangare ce, an yanka ta hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar dutse da ke tare ƙasa da ruwan sama. A nan ake shuka dawa da gero da wake da gyaɗa. Akwai masussukai da aka daɓe, da rijiyoyin da aka gina da dutse, da rumbunan laka masu jinka. Akwai kuma ɗakunan shanu da ake ginawa a nutse cikin ƙasa, inda ake turke sa ana kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Irin wannan sa abin alfahari ne ga mai gida, kuma yana shiga cikin hidimar aure da bukukuwa, takinsa kuwa gona yake komawa.

Gonaki gado ne na iyali bisa al'ada. A hukumance kuwa, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa ita ke da alhakin kare wurin tare da gwamnatin jiha da masarauta. Wannan tsari yana da tasiri har cikin gida: mai gidan da ke son rufin kwano da bulon siminti don sauƙin rayuwa yana canja kamannin da aka karrama garin dominsu, alhali jinka na buƙatar sabuntawa a kai a kai.

Yawon buɗe ido da matsalar tsaro

Mai niyyar ziyara yakan biyo hanyar Mubi zuwa Michika da Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar, sannan ya nufi gindin dutse. Rani ya fi dacewa da hawa, kuma ladabi ne baƙo ya fara gaida Hidi kafin ya zaga gari. Masu bincike irin su Nicholas David da Judy Sterner sun zauna a garin a shekarun 1990, rubuce-rubucensu kuma sun taimaka wajen sanar da duniya tarihinsa.

An yi fatan matsayin da garin ya samu zai kawo baƙi da kuɗin shiga ga 'yan rakiya da masu sana'ar hannu. Rikicin Boko Haram ya katse wannan fata. A 2014 mayaƙan ƙungiyar suka mamaye yankin Madagali, a watan Disamba na shekarar suka hau Sukur, suka ƙona gidaje da sassan fada, suka kwashe dabbobi da hatsi. Sojoji sun ƙwato yankin a 2015, jama'a suka koma suka sake rufa ɗakunansu. A 2018 ƙungiyar World Monuments Fund ta sanya Sukur cikin jerin wuraren da ke buƙatar kulawar gaggawa.

Abin da ke gaba

Katangar gonar kan dutse ba ta jure sakaci. Kowace damina takan rusa wani sashe, kuma in ba a gyara ba, ruwa ya tafi da ƙasar da aka shekara ɗaruruwa ana tarawa. An ga haka a ƙasar Filifin, inda gonakin shinkafa na kan duwatsun Ifugao, da aka karrama a 1995, suka shiga jerin wuraren da ke cikin haɗari a 2001, musamman saboda matasa sun bar noma sun tafi birane, sai a 2012 aka cire su bayan aikin gyara.

Sukur ma na fuskantar saukar matasa zuwa filaye da birane don neman makaranta da asibiti da sana'a. Don haka kare wurin ya wuce gyaran fada kawai. Ya haɗa da tsaro a hanyar Madagali, da ruwan sha da makaranta da ɗakin shan magani kusa da masu zaune a sama, da tabbatar da cewa abin da baƙo ya kashe ya shiga aljihun mutanen garin, domin su ne ke ɗora dutse a kan dutse kafin kowace damina.