Yoyon Mai a Giyabos: Daga Kwali da Fata Zuwa Zamanin Gam

Yawancinmu masu gyaran inji a Giade a gindin injin niƙa muka koyi riƙon sifana, mota ta zo mana daga baya. Ogannin da suka raine mu sun tashi ne da Lista, injin nan na Ingila mai silinda ɗaya da aka riƙa ƙerawa a garin Dursley. Ba ya gaggawa, juyi 650 yake yi a minti, kuma kullum jikinsa da ɗan gumin mai. Ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin ciwo. A goge da tsumma, a ƙara mai, aiki ya ci gaba. Da kamfanin ya daina ƙera samfurin a 1987, masana'antun Rajkot na Indiya suka ci gaba da fitar da irinsa, su muka fi taɓawa da hannunmu.

Injin niƙa da bel yake aiki, ba ruwansa da giya. Giyabos ta shigo mana tare da tarakta, musamman bayan an kafa jihar Bauchi a 1976 aka fara harhaɗa Steyr a Bauchi, ga kuma Massey Ferguson. Daga baya injin matsar man gyaɗa ya biyo, wanda giyarsa ke rage gudun inji ta mayar da shi ƙarfi. Nan yoyo ya zama abin tsoro. Giya a rufe take, mai ita bai cika leƙawa ba, sai ranar da ta fara kuka, lokacin kuwa haƙoran sun riga sun cinye.

Dattawa ba sa sauya sil da zarar an kawo musu giya mai ɗiga. Sai yaro ya wanke ta tas da kananzir, a barbaɗa toka, a tayar da inji. Inda tokar ta fara yin baƙi, nan ciwon yake, domin mai yakan fito daga sama ya gangara ya taru a ƙasa ya yaudari mai garaje. Sannan a duba ƙaramin hancin da giya ke numfashi da shi. Ƙurar hunturu da dusa suna toshe shi, giya ta yi zafi, iskar ciki ta rasa mafita, ta tura mai ta bakin sil mai lafiyar Allah. Sai a girgiza shaf a ji ko boris ya yi wasa, don in yana wasa, ko sil goma ka sa, goman za su tsiyaye. Wani lokaci ma laifin mai injin ne: ya cika mai har wuya, wai don ya huta.

Gasket da hannu ake yankawa. A shimfiɗa kwali a bakin giya, a riƙa bugawa a hankali da ƙaramar guduma har bakin ƙarfen ya yanke shi daidai, har da ramukan noti. Fata ma an yi aiki da ita, kuma ba ƙauyanci ba ne: sil ɗin da injiniya Walther Simmer ya ƙirƙiro a Jamus a 1929 da fata ya yi shi, roba daga baya ta zo.

Tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara na asali suka gagari talaka. A ganina lokacin ne aka fi samun gwanaye, saboda dole. Idan leɓen sil ya ci shaf ya yi masa zobe, ba a jefarwa. Ko a ɗan tura sabon sil ciki don ya hau inda bai ci ba, ko a cika wurin da walda a kai Azare a feƙe shi. Abin da Azare ta rasa, sai Ƙofar Ruwa a Kano, da tsohon sil a aljihu don a gwada faɗinsa da kaurinsa.

Injinan Sin sun zo da araha, kayan gyaransu ma haka, tare da su kuma gam ɗin silikon ya cika kasuwa. Ban ƙi gam ba, siririn shafi a bakin murfi yana da amfani. Amma yaran yanzu lafta shi suke yi kamar masu yaɓen ɗaki, rarar ta ɓalle ta faɗa ciki ta toshe hanyar mai. Wasu kuma giris suke cusawa a giyar da aka yi don mai lamba 90. Yoyo ya tsaya kam, amma haƙori yakan share giris gefe ya ci gaba da gogar ɗan'uwansa a bushe.

Don haka masu inji daga Isawa zuwa Zabi, in bakanike ya ce zai tsayar muku da yoyo ba tare da ya wanke giya ya duba hanci da boris ba, ku ce ya dakata. Ku kuma nemi ya sa sabon sil ɗin a gabanku, leɓensa a shafe da mai, gefen sifirin yana kallon ciki.