Daga Kwabon Gaskiya Zuwa Fuskar Mai Rahoto

Da yamma, a bencin mai shayi kusa da Ƙofar Kuyambana, za ka tarar da samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wani ɗan jarida suke kallo, da rigar sulke da hular kwano, hayaƙi na tashi a bayansa. Tambaye su wane gari ne ke ci da wuta, sai a fara inda-inda. Sunan mai rahoton kuwa, kowa ya haddace.

Ba haka abin ya faro a garin nan ba. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Rupert East na jagora, Malam Abubakar Imam na edita. Kafin shekarar ta ƙare Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Turawan mulki kuma suna neman bakin da zai kashe raɗe-raɗin cewa Jamus za ta karɓe ƙasar. Imam ba wakilin fagen daga ba ne. Labari yakan iso masa ta hannun hukuma, shi kuma ya sa masa gishirin da ya sa wa Magana Jari Ce. Ɗan boko ɗaya zai sayi jarida da kwabo, ya karanta wa zaure guda, tsofaffi na gyaɗa kai idan an zo kan Hitila. A 1943 aka kai shi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya yi suna ƙwarai, amma alƙalaminsa aka sani. Da yawa daga masu karatunsa za su wuce shi a kasuwa ba su gane shi ba.

Turawa kam sun daɗe da sanin cewa yaƙi tsani ne. Winston Churchill ya je Afirka ta Kudu a 1899 yana aika wa Morning Post rahoto, aka kama shi, ya tsere, ya ba da labarin tserewarsa da kansa. Shekara na zagayowa sai ga shi a majalisar dokoki. Frederick Forsyth, wanda BBC ta turo Biyafara a 1967, ya bar aikin, ya koma can da ƙafarsa, ya rungumi ɓangaren Ojukwu, daga baya ya zama attajirin marubucin littattafan ƙirƙira.

Mu a nan rediyo ce ta fara ba ɗan jarida murya, tun buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957. Talabijin ta ƙara masa fuska. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991, lokacin da ake ta raɗa wa jarirai suna Saddam a Arewa, Peter Arnett na CNN ya zauna a Bagadaza bama-bamai na sauka, duniya ta san shi kamar ɗan wasan kwaikwayo.

Sai yaƙin ya zo gida. Ahmad Salkida ya yi fice ne saboda kafar da yake da ita ta jin ta bakin Boko Haram, sunan kuma ya jawo masa zargi da gudun hijira. A 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirin da ta yi a kan 'yan bindigar daji, gwamnati na cewa tallata su ake yi. Ni dai ban ga laifin shiga dajin ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai rahoton da kyamararsa ta fi daɗewa a fuskarsa fiye da kan ƙauyen da aka ƙone.

Ranar 20 ga Janairun 2012, Enenche Akogwu na Channels yana tambayar mutane a Kano abin da suka gani bayan tashin bama-bamai, aka harbe shi. Na ambaci sunansa a bencin mai shayin nan. Wani yaro ya ɗago kai daga wayar ya ce, "Wa ke nan, Malam?"