Yadda Fim ɗin Indiya Ya Iso Tambuwal da Kebbe Har Ya Zama Ɗan Gida

Tambuwal garin ribaɗi ne tun asali. A nan Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna a ƙarni na 19, kuma garin ya tashi cikin karatu da noma da fatauci. Duk da haka, in ka zauna a majalisar dattawa a Tambuwal ko Dogon Daji, ko ka gangara Kebbe da Kuchi, ka ambaci sunan Dharmendra ko Amitabh Bachchan, da wuya a rasa wanda zai gyara zama ya ba ka labarin wani fim tun daga farko har ƙarshe. Babu ofishin jakadancin da ya kawo wannan sabo, 'yan kasuwa ne suka ɗauko shi, jama'a kuma suka karɓa da hannu biyu.

A Kano abin ya faro. Kwarori, wato 'yan Labanan, su ne suka riƙe harkar silima a Arewa. An buɗe silimar Rex a 1937, kuma da farko fina-finan Amurka da Ingila ake haskawa. A shekarun 1950 masu rarraba fim suka gwada shigo da na Indiya, sai suka ga kujeru sun cika. Kafin wannan, abin da ƙauyuka suka sani shi ne majigi, motar gwamnati da ke kafa farin ƙyalle a ƙofar fada tana koyar da tsafta da noman gyaɗa da auduga. Silima kuwa ta birni ce, ta maza ce, kuma malamai da iyaye ba su ɗauke ta wurin mutunci ba, balle bayan gobarar silimar El-Duniya ta Kano a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300.

Fim ɗin da ya fi daɗewa a zukata shi ne Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, matar manomi. An ci bashi don bikin aurenta, mai ba da bashin ya riƙa kwashe mafi yawan amfanin gona duk kaka, mijin ya rasa hannuwansa a aikin gona ya bar gida saboda kunya, ambaliya ta share abin da ya rage. Ta yi noma da kanta, ta raini 'ya'yanta, daga ƙarshe ta harbe ɗan cikinta don kare mutuncin 'yar mutumin da ya zalunce ta. Manomin gero da dawa na ƙasar Tambuwal, ko mai shinkafar fadama a Kebbe, bai buƙaci tafinta ba. Ya san bashin da ake ci da damina a biya da kaka, ya san abin da ruwa ke yi wa gona in ya yi ambaliya.

A ganina nan asirin yake. Fim ɗin Amurka ya nuna wa Bahaushe wata duniya ta daban, na Indiya kuwa ya nuna masa mutane masu rawani da doguwar riga, mata masu lulluɓi da lalle, amarya tana kuka ranar kai ta, ɗa yana sunkuyawa gaban mahaifinsa. Ga kuma babbar magana, wato auren dole da soyayyar da iyaye suka hana, abin da matasa ke ɗauke da shi a ƙirji ba su da bakin faɗa. Har laƙabi aka raɗa wa jarumai: Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya rubuta cewa ana kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Talabijin ce ta shigar da fim ɗin cikin gida, wurin matan kulle. An kafa NTA a 1977, kuma binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna tashar Kano kaɗai ta haska fina-finan Indiya fiye da 1,000 tsakanin 1977 da 2003. Sai kaset ɗin bidiyo ya ƙarasa aikin. Daga kasuwar Ƙofar Wambai ake kwafe shi, ya bi mota zuwa Sakkwato, daga can ya hau titin Jega wanda ya ratsa Tambuwal. Wanda ya taso a wancan zamani ya san gidan kallo: rumfar zana ko ta kwano, bencina a jere, janareta na ruri a baya, an rubuta sunan fim da alli a ƙofa. Ba a rasa wani gwani da ya kalli fim ɗin sau da yawa, shi ke gaya wa na kusa da shi abin da bos ya ce da abin da jarumi zai yi. A wannan rumfa aka san Bruce Lee da Jackie Chan, yara suka riƙa fitowa suna gwada ƙwanji a kan yashi. A nan kuma aka fara ganin bikin Holi na watsa kala da bikin fitilu na Diwali, ko da ba a san sunayensu ba.

Hausawa ba su tsaya ga kallo ba. Abdu Yaron Goge ya ɗora baitukan Hausa kan karin waƙoƙin Indiya. 'Yan Islamiyya suka yi haka, masu bandiri a Kano suka kafa ƙungiyar Ushaƙu Indiya suna mayar da karin zuwa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin ya jawo muhawara mai zafi tsakanin malamai, kuma ina ganin damuwar masu suka ba ta banza ba ce, domin kari yakan taho da tunanin inda ya fito. Fim ɗin Hausa Turmin Danya ya fito a 1990, Sangaya a 1999 ya tabbatar da rawa da waƙa a fim ɗin Hausa, a shekarar ce kuma mujallar Tauraruwa ta fito da sunan Kannywood. Yau fassarar Algaita da makamantanta sun sa jarumin Indiya yana magana da Hausa, saurayi ya miƙa wayarsa a shagon caji a tura masa a mimori.

Ta fuskar gwamnati ma akwai tsohuwar hulɗa. Indiya ta buɗe ofishinta a Legas a 1958, tun kafin samun 'yancin kai. Hafsan Indiya, Birgediya M. R. Varma, shi ne kwamandan farko na makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a 1964. A shekarun 1970 da 1980 malamai 'yan Indiya da Pakistan sun koyar da lissafi da kimiyya a sakandaren Arewa da dama. 

Abin da ke damuna shi ne musayar ta karkata gefe guda. Mun kwashe shekaru kusan 70 muna karɓa, abin da muka aika kaɗan ne, duk da Rahama Sadau ta fito a fim ɗin Khuda Haafiz kashi na biyu a 2022. Alhali ƙofa a buɗe take. Hukumar ICCR ta Indiya, wadda Maulana Abul Kalam Azad ya kafa a 1950, tana ba ɗaliban Afirka gurbin karatu a jami'o'in Indiya, shirin ITEC na 1964 kuma yana horar da ma'aikata. Ta intanet ake nema, da takardun makaranta da fasfo da Turanci mai kyau. Sanarwar takan tsaya a Abuja da manyan birane, don haka ya kamata shugabannin sakandare da sassan ilimi na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su riƙa bibiyarta suna isar da ita ga ɗalibai kafin a rufe karɓar takardu.