Mun Samu Ƙuri'a, Saura Kujera

Iyayena da 'yan uwana mata, barkanmu da zagayowar ranar ƙungiyarmu. Tunda rana ce ta waiwaye, bari mu tuna yadda ƙuri'a ta zo hannunmu.

A zaɓen 1959, gab da samun 'yancin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma matan Arewa ba a ba su dama ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ta tsaya kai da fata a kan wannan magana. Ta sha duka, an ɗaure ta har sau 16, ba ta fasa ba. Sai a 1976 aka yarda mu yi zaɓe, a 1979 kuma muka zaɓi gwamna da shugaban ƙasa. Ta rasu a 2001, Allah ya jiƙanta.

To, ƙuri'a ta samu, ina kujera? Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Hajiya Aisha Alhassan, Mama Taraba, ta gwada a 2015. Sanata Aishatu Binani ta gwada a Adamawa a 2023. A Kaduna an samu Dakta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamna a 2019. Amma majalisar dokokin Kano mai kujera 40, ko mace ɗaya babu bayan zaɓen 2023, alhali tun 2006 gwamnatin tarayya ta rubuta cewa a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai.

Wata za ta ce, mu da kasuwa ce gabanmu, ina ruwanmu? Da ruwanmu fa! A majalisar jiha ake amincewa da kasafin kuɗi: na asibitin haihuwa, na makarantar 'ya'yanmu, na gyaran kasuwa. Tsarin mulkin 1999 ya ce aiki ɗaya, lada ɗaya, mace ko namiji. Amma ku tambayi masu aikatau da masu shara nawa ake ba su. Idan babu mace a zauren, wa zai tayar da zancen?

Mu da muke riƙe adashe da littafin bashi ba a rasa ko kwabo, ba za mu kasa riƙe kujera ba. Zaɓe mai zuwa, kafin mu karɓi atamfa da sabulu, mu tambayi ɗan takara mata nawa ne a tafiyarsa. Idan kuma wata cikinmu ta fito, mu haɗa mata kuɗin fom.

Allah ya ƙara haɗa kanmu.