Doki mai ƙiba da ciwon kofato: yadda ake karanta takardar awon abincinsa

A garuruwanmu irin su Damagaram da Maraɗi, doki mai ƙiba abin alfahari ne ranar hawan salla. Amma wata ƙibar cuta ce. Akwai dawakin da jikinsu ba ya sarrafa sukari yadda ya kamata: da sun ci abinci mai zaƙi ko mai sitaci, sai sinadarin insulin ya yi yawa a jininsu, ya lalata naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato. Alamun su ne kitse mai tauri a bisa wuya da gindin wutsiya, kofato ya yi zafi, dokin ya tsaya yana miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya. In aka yi sake, ya gurgunce ke nan.

Babban magani yana cikin abinci, shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a kai ciyawa labo a auna ta. A ɗebo kaɗan-kaɗan daga dammai da yawa a gauraya, kuma a ce a auna sukari da sitaci, don awon yau da kullum ba lalle ya haɗa da su ba. To, takarda ta fito, ya za mu karanta ta?

Na farko, MS. A takardar faransanci, wannan shi ne abin da ya rage bayan an cire ruwa. Busasshiyar ciyawa takan kai wajen kashi 90 cikin 100. Ku duba ko lambobin an lissafa su bisa MS ne ko bisa ciyawar yadda take.

Na biyu, sukari da sitaci. A haɗa su biyun. Ga doki mai wannan matsala, ana son jimillar kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na MS. Misali: takarda ta ce sukari 8, sitaci 2, bisa ciyawar yadda take, MS kuma 90. Jimilla 10 ce, amma in aka raba da 0,9 sai ta koma 11 da ɗan wani abu. Kun ga ta wuce. Irin wannan ciyawa a jiƙa ta cikin ruwa minti 30 zuwa 60, a zubar da ruwan inda doki ba zai sha ba. Burgu na bakin kogin Yamai yana da zaƙi a kara, a auna shi kafin a ba irin wannan doki.

Na uku, MAT, wato sinadarin gina jiki. Babban doki da ba ya aikin wahala, kashi 8 zuwa 10 ya ishe shi. Ciyawar daji ta ƙarshen rani takan gaza haka, sai a cika da ɗan harawar wake ko ta gyaɗa.

Na huɗu, Ca da P, wato kalsiyom da fosfor. Ana son Ca ya ninka P kamar sau biyu, kada dai P ya fi yawa. Dusa cike take da fosfor; in ta yi yawa, ƙashi yana laushi, fuskar doki ta kumbura.

Sai maganar hatsi. Gero da dawa, sama da rabin nauyinsu sitaci ne. Doki mai kilo 400 da ake son ya rage ƙiba, ana ba shi ciyawa kashi 1,5 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 6 a yini, a raba sau da yawa. Sukari da sitacin da ke cikin kilo 6 na ciyawar misalinmu giram 600 ne. Kilo guda na gero kaɗai ya kai haka, balle tiya guda. Don haka a janye hatsi ga doki mai wannan cuta, kuma a hana shi ɗanyar ciyawar farkon damina.

Gargaɗi ɗaya dai: kada a bar shi da yunwa don ya rame da sauri. Yunwar farat ɗaya tana sa kitse ya cika jini, kuma tana kisa, musamman ga jakuna masu ƙiba. Takardar labo ta ciyawa ce kawai; shi dokin, ma'aikacin kiwo na yankinku ne zai duba shi. Ku tafi masa da takardar a hannu.